Yadda Ake Zuwa Shan Shayin La'asar a Otal ɗin Karkara a Ingila

Da zarar watan Yuli ya ƙarato, lokacin da jami'o'in Birtaniya ke bikin yaye ɗalibai, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini daga 'yan'uwa: "Su Alhaji da Hajiya za su zo, ina so in kai su shayin nan na Turawa a wajen gari. Ta ina zan fara?" Wasu kuma hutu ya kawo su Landan, sun gaji da cunkoson titin Oxford, suna son wuni guda a inda ido zai ga ciyawa da tumaki. Ga yadda ake yi daki-daki. Galibin aikin a gida ake gama shi, tun kafin a sa takalmi, musamman ga Musulmi.

1. San abin da za ka biya wa kuɗi

Abu uku ne ake rubutawa a jerin abincin irin waɗannan otal-otal, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Akwai cream tea, wato butar shayi da sikon ɗaya ko biyu, da jam da kirim, shi ke nan. Sikon wani ɗan ƙaramin burodi ne mai ɗan zaƙi, mai saurin marmashewa. Akwai afternoon tea, shi ne cikakken da muke magana a kai: sanwic, sikon, kayan zaƙi, da shayi iya shanka. Na uku shi ne wanda aka maƙala wa kalmar champagne, ko sparkling, ko royal. Wannan daidai yake da na biyu, sai dai an ƙara masa kofin giya da ƙarin kuɗi.

Hattara: a shafin ajiye wuri na wasu otal ɗin, mai giyar ne yake fitowa a sama. Karanta da kyau kafin ka latsa.

2. Zaɓi wuri gwargwadon inda kake

Kada hoto ya ruɗe ka ka zaɓi wurin da zai cinye maka awa huɗu a hanya. Idan a Landan kake, Cliveden House yana kusa da Taplow, kuma jirgin layin Elizabeth daga tashar Paddington zai kai ka Taplow cikin ƙasa da awa ɗaya. Tsohon gidan iyalan Astor ne, a kan tudu, yana kallon kogin Thames. Coworth Park yana wajen Ascot, jirginsa daga tashar Waterloo. Chewton Glen yana bakin dajin New Forest, ana sauka a New Milton, amma tafiyar ta fi tsawo, kusan awa biyu.

Mai son ƙauyukan nan na gidajen dutse masu launin zuma, yankin Cotswolds zai nufa. Jirgi daga Paddington zuwa Moreton-in-Marsh kamar awa ɗaya da rabi ne, daga nan a hau tasi zuwa Lords of the Manor a ƙauyen Upper Slaughter, ko Lygon Arms a Broadway. Ɗaliban Leeds da Bradford da Sheffield ba sai sun gangaro kudu ba: ga Rudding Park kusa da Harrogate, ga Devonshire Arms a Bolton Abbey, ga otal ɗin Cavendish a Baslow, a filayen gidan Chatsworth. Na Sikotilan kuwa suna da Gleneagles, wanda tashar jirgin ƙasa mai sunansa take kusa da shi.

A ganina, idan da tsofaffi a tafiyar, wanda ya fi kusa shi ya fi, ko da wani ya fi shi suna. Hajiyar da ta sha canjin jirgi biyu da hawa matakala ba za ta ji daɗin komai ba.

3. Yi lissafin kuɗin gaba ɗaya

A manyan otal-otal na karkara, mutum ɗaya yakan biya tsakanin fam 40 zuwa 70, waɗanda suka fi shahara kuma su zarce haka. Farashin Asabar da Lahadi yakan fi na tsakiyar mako, na watan Disamba kuma ya fi duka. A kan wannan ana ɗora kuɗin hidima, yawanci kashi 12.5 cikin ɗari. A ce ku huɗu ne, kowa fam 55: jimilla fam 220, kuɗin hidima fam 27.50, ka tashi a fam 247.50. Ba a sa jirgi da tasi ba tukuna.

Ana iya rage na jirgi. Sayi tikiti da wuri, kuma na lokacin da ba cunkoso. Ɗalibi mai katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25 ana rage masa kashi ɗaya bisa uku. Idan kun kai mutum uku zuwa tara kuna tafiya tare, nemi rangwamen GroupSave, shi ma kashi ɗaya bisa uku ne a kamfanoni da dama. Tambayi otal ɗin ko akwai na yara, don da yawa suna da shi a farashi mai sauƙi.

Hattara: wasu gidajen suna cikin filin da wata ƙungiya ke kula da shi, kamar Cliveden da ke hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana gidajen tarihi. Tambaya tun farko ko akwai kuɗin shiga lambu daban.

4. Daidaita lokaci da salla

Nan ne mutanenmu suka fi shiga matsi. Yawanci ana ba da shayin tsakanin ƙarfe 12 na rana zuwa 5 na yamma, kuma tebur naka ne na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A watan Yuni da Yuli babu damuwa: azahar tana shiga wajen ƙarfe 1, la'asar bayan ƙarfe 5, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 ko bayansa. Ka ɗauki zaman ƙarfe 2 ko 2:30, ka yi azahar kafin ka zauna, ka tashi da sauran lokaci.

A Disamba lissafin ya juye. Azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, la'asar kafin ƙarfe 2 da rabi, magariba kuma kafin ƙarfe 4. Wanda ya ɗauki zaman ƙarfe 2:30 zai tashi ya tarar rana ta faɗi, la'asar ta wuce shi, lambun da ya zo gani kuma duhu ya rufe. A hunturu, ɗauki zaman farko. Ka saka dardumar tafiya a jaka, kuma idan ka isa ka roƙi masu karɓar baƙi su nuna maka wuri mai shiru na minti goma. Irin waɗannan gidajen ba sa rasa ɗakin karatu ko ɗakin taro da ba kowa, kuma galibi ba sa ƙi.

Ka kauce wa ranar iyaye mata ta Birtaniya, wadda takan faɗo a watan Maris, da makonnin Kirsimeti, sai in ka ajiye wuri da watanni.

5. Ajiye wuri, ka faɗi abin da ba ka ci

Ba a zuwa haka kawai. Na ƙarshen mako a bazara, ajiye wuri da mako huɗu zuwa shida. Na tsakiyar mako, mako ɗaya ko biyu kan isa. Za su nemi lambar katin banki, wasu su cire kafin alƙalami, wasu su cire kuɗin duka. Karanta sharaɗin fasawa, domin wanda ya fasa a ƙurarren lokaci, yawanci ƙasa da awa 24 zuwa 72, kuɗinsa ya tafi.

Sai babban batu. Dokar Birtaniya ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Naman alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun nan. Ma'ana, in ba ka faɗa ba, ba wanda zai gaya maka. Rubuta a wurin bayani na shafin, sannan ka bi da imel ko waya, aƙalla kwana biyu kafin ranar, domin kayan zaƙin tun da sassafe ake haɗa su, wasu ma tun jiya. Ka faɗi abu uku a fili: ba alade, ba giya ko a cikin girki, ba jelatin.

Ga inda suke ɓuya. A sanwic, duk inda ka ga ham, bacon, prosciutto, pancetta, chorizo ko sausage roll, alade ne. Akwai kuma na kaza da ake kira coronation chicken, mai ɗan kori da mayonis, da na naman sa. Waɗannan ba alade ba ne, amma yankan ba lallai ya zama na halal ba, sai ka tambaya. A kayan zaƙi, jelatin da ake daskarar da kirim da jeli da shi sau da yawa daga alade ake samo shi. Giya kuma tana shiga da sunaye irin su rum, brandy, kirsch, sherry, Cointreau da Pimm's. Har jam ɗin kansa wani lokaci ana zuba masa shamfen, wato giyar champagne. Kek ɗin Kirsimeti da ɗan abin da suke kira mince pie galibi da burandi ake yin su.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi tsarin masu cin kifi ba nama, wanda suke kira pescatarian, ko na marasa cin nama gaba ɗaya. Da wannan ka huta da zancen alade da yanka. Amma kula: na marasa cin nama bai hana giya ba, don haka maimaita wannan daban. Kuma ba asara ka yi ba, don sanwic ɗin da aka fi yabo a wannan teburin su ne na kifin salmon mai hayaƙi, na ƙwai, na cuku, da na kokwamba.

Idan a cikinku akwai mai ciwon suga, faɗa musu a wannan imel ɗin. Wasu sukan musanya wani ɓangare na zaƙin da 'ya'yan itace ko ƙarin sanwic. Mai ciwon gwiwa kuma a nema masa tebur mai tsayi da kujera ta sosai, domin wasu ɗakunan kujerun falo ne masu nutsewa da ɗan gajeren tebur, tashi daga cikinsu aiki ne.

6. Sutura

Abin da suke so shi ne shiga mai tsafta da kamala. Kaftani da hula, babbar riga, atamfa da mayafi, abaya, duk sun wuce yadda ake bukata, har ma za ka ga ana yabawa. Abin da ba sa so shi ne kayan motsa jiki, gajeren wando, yagaggen jins da silifas. Ka tafi da rigar sanyi da lema ko a watan Yuli ne. Mata su sani harabar gidajen nan tsakuwa ce da ciyawa, takalmi mai tsini zai nutse.

7. Hanya, musamman ta dawowa

Daga tashar jirgi zuwa otal sai da mota, kuma a ƙauye ba a samun Uber yadda ake samu a birni. Ka iya sauka a ƙaramar tasha ka tarar ba tasi ko ɗaya, wayarka kuma ba sabis sosai. Kira otal ɗin su ba ka lambar kamfanin tasi da suke hulɗa da shi, ka yi alƙawari da direba zuwa da dawowa tun kafin ranar.

Hattara: ranar Lahadi ake yawan gyaran layin dogo, a maye gurbin jirgi da bas, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Duba shafin National Rail na jiragen ƙasa da daddare kafin ranar. Mai tuƙi da kansa kuma ya shirya wa siraran hanyoyi masu shinge hagu da dama, inda mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe.

Ka isa da minti ashirin kafin lokaci. Lattin da ka yi daga lokacin teburinka za a cire shi. Kuma kada ka ci abincin rana. Karin kumallo mai sauƙi ya isa, don abin da ake kawowa ya fi yadda ido ke raina shi.

8. Zaɓen shayi

Da kun zauna za a miƙo jerin ganyen shayi, wani lokaci ya haura iri ashirin. A nan ma mai hidima zai iya tambaya ko za a fara da kofin shamfen. Ce a'a, ko ka nemi wanda ba giya, kamar lemon furen elderflower mai gas, amma ka sani da kuɗinsa daban.

Wanda ya saba da shayin mai shayi, mai kauri da madarar gwangwani, zai ga na nan tsararo ne a kurɓar farko, domin madararsu ta ruwa ce, mai sanyi, a ɗan ƙaramin jug. Irin wannan mutum ya nemi Assam ko English Breakfast, su ne masu ƙarfin da ke ɗaukar madara da sukari. Darjeeling mara nauyi ne, mai ƙamshi, madara kashe shi take yi. Earl Grey yana da ƙamshin wani lemo da ake kira bergamot, ana shan sa haka ko da yankin lemon tsami. Lapsang Souchong warin hayaƙi gare shi sosai, kada ka zaɓa wa baƙo shi ba tare da ya sansana ba. Mai gudun abin da zai hana shi barci ya nemi rooibos na Afirka ta Kudu, ko na'ana'a.

Kowa da butarsa. Ganyen a sake yake a ciki, ba a jaka ba, shi ya sa ake ajiye ɗan mataci na ƙarfe a gefe. Bar baƙin shayi ya jiƙa minti uku zuwa biyar, kore kuma biyu zuwa uku. Ɗora matacin a bakin kofi, zuba, mayar da shi mazauninsa, sannan ka sa madara. Wanda ya manta da mataci zai sha ganye. Idan shayin ya daɗe a buta ya fara ɗaci, nemi ruwan zafi ka sirka, ko a sake maka sabo. A mafi yawan wurare kana iya sauya wani ganyen a tsakiyar zama ba ƙarin kuɗi. Mai ƙarfi da sanwic, mara nauyi da kayan zaƙi.

Hattara: kada ka haɗa madara da lemon tsami a kofi ɗaya, nan take za ta tsinke. Juya cokali a hankali ba tare da ƙwanƙwasa kofi ba, ka ajiye shi a kan ɗan farantin. Zancen ɗaga ƙaramin yatsa kuwa, bar shi, su kansu dariya suke yi wa mai yi.

9. Faranti mai hawa uku

Za a kawo wani marikin ƙarfe mai faranti uku, ɗaya bisa ɗaya, yawanci na mutum biyu. Mai hidima zai tsaya ya bayyana kowane abu. Saurara da kyau, nan ne za ka tabbatar saƙonka ya isa kicin. Idan ka ga wani abu ja-ja a cikin burodi ba ka gane ba, tambaya kafin ka ɗauka. Kifin salmon da naman alade suna iya kama a ido.

Daga ƙasa ake farawa. Sanwic ɗin an yanke musu gefe, an yanka su siri-siri kamar faɗin yatsu biyu. Da hannu ake ci, ba cokali ba wuƙa, don haka mai ci da dama ya huta. Ɗauki ɗaya ka sa a farantinka, ka cinye, sannan ka ƙara. Wurare da dama suna ƙaro sanwic kyauta in ka nema, amma tambayi ko da kuɗi, kuma ka tuna akwai hawa biyu a gabanka.

Sikon shi ne zuciyar abin, kuma da ɗuminsa yake da daɗi. Wasu otal ɗin sukan riƙe shi sai kun gama sanwic, sannan su kawo shi a naɗe cikin farin ƙyalle. In sun kawo komai lokaci guda, roƙe su su mayar da shi sai an jima. Yawanci biyu ne ga kowa, ɗaya zalla, ɗaya mai busasshen inabi. Idan ka duba kwiɓinsa za ka ga wata 'yar tsaga a tsakiya inda ya tashi a tanda. Sa manyan yatsunka biyu a nan ka buɗe, zai rabu sama da ƙasa, tururi ya fito. Ga ƙananan kwanuka biyu a gefe, ɗaya jam, galibi na sitiroberi, ɗaya kirim mai kauri da suke kira clotted cream, mai ɗan ɓawo ruwan ɗorawa a samansa. Ba ɓaci ya yi ba, haka yake, dafa shi ake yi a hankali har ya kama, kuma maiƙonsa ya kai kashi 55 cikin ɗari. Ɗebi rabonka da cokalin kwanon ka zuba a gefen farantinka, daga nan ka shafa da wuƙarka. Kada ka mayar da wuƙar da ka yi amfani da ita cikin kwanon kowa da kowa, kuma kada ka haɗe ɓarin biyu ka mai da shi sanwic. Kowane ɓari daban ake cinsa.

Wanne ake fara shafawa? Mutanen Devon kirim suke sawa a ƙasa, jam a sama. Maƙwabtansu na Cornwall jam a ƙasa, kirim a sama, kuma gardamar ba ta da ranar ƙarewa. Ni na fi son jam a ƙasa, domin yana shafuwa sumul a kan sikon mai ɗumi, kirim ɗin kuma ya zauna a sama da tudunsa bai narke ba. In ba a ɗaya daga cikin yankunan biyu kake ba, ba mai kallonka.

Hawa na sama kayan zaƙi ne, ƙanana guda uku zuwa biyar ga kowa, masu ado kamar kada a taɓa. Ana ci da ɗan ƙaramin cokali mai yatsu. Fara da mai tsami-tsami, irin na lemo ko 'ya'yan itace, ka ƙare da na cakulan. A nan yawancin mutane suke sarewa. Kada ka tilasta wa kanka; ce a zuba maka sauran a kwali. Abu ne da aka saba, ba abin kunya ba ne, kuma ka riga ka biya.

10. Biyan kuɗi da tashi

Ba za a kawo takardar kuɗi ba sai ka nema. Idan ta zo, duba abu uku: an cire kafin alƙalamin da ka bayar, ba a sa maka farashin mai shamfen ba, kuma an riga an sa kuɗin hidima ko ba a sa ba. In an sa, ba sai ka ƙara tukwici ba. In ba a sa ba, kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari ya wadatar. Kuɗin hidimar na ganin dama ne, kana da ikon cewa a cire idan an yi maka sakaci na gaske.

Ka tafi da katin da ka tabbatar yana aiki a Birtaniya, da wani na biyu ko 'yan tsabar fam a aljihu, don wasu direbobin tasi na ƙauye sun fi son kuɗi a hannu. Ka bar wa kanka minti talatin zuwa arba'in tsakanin tashi daga tebur da zuwan tasi, don zagaya lambu da ɗaukar hoto, sai dai a cikin ɗakin shayin a kiyaye ɗaukar fuskokin wasu baƙi. Kwalin da ka taho da shi kuma, in akwai mai kirim a ciki, sa shi a firji da zarar ka isa gida, a cinye shi kafin gobe da yamma.